Gawayi a Cikin Batir: Ƙoƙarin Kyautata Anod na Batirin Litiyam

1.0 Gabatarwa

Duk yaron da ya taɓa fasa mataccen batirin tocila ya san abin da ke cikinsa: gwangwanin tutiya, da baƙin gari mai danshi, da wata 'yar baƙar sanda a tsakiya wadda take shata layi idan aka goga ta a jikin bango. Wannan sanda ta kabon ce, watau sinadarin da gawayi ya ƙunsa. Tun shekarar 1866 da Bafaranshe Georges Leclanché ya ƙago kakan wannan batir kabon yake cikinsa, amma aikinsa a can bai wuce miƙa lantarki zuwa waje ba. A batirin litiyam kuwa, wanda ke cikin wayar hannu da kwamfutar hannu da motar lantarki da akwatunan adana wutar hasken rana, matsayin kabon ya ɗaukaka ƙwarai, domin shi ne rumbun da ake tara ƙarfin a cikinsa. Yawan abin da batir zai ɗauka, da saurin cajinsa, da tsawon ransa, da ko zai kama da wuta ko ba zai kama ba, duk suna da alaƙa da kyan wannan rumbu.

Wannan takarda za ta bayyana yadda aka yi kabon ya sami wannan matsayi, da matsalolin da ke tattare da shi, da hanyoyin da masana kimiyya da masu masana'antu suke bi don kyautata shi. Daga ƙarshe za ta duba inda harkar ta shafi ƙasashen Afirka.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmomin anod da katod da ayon sun fito ne daga harshen Girkanci, kuma Michael Faraday na Ingila ne ya shigar da su cikin kimiyya a shekarar 1834, bisa shawarar malami William Whewell. Ma'anar anod ita ce hanyar hawa, katod hanyar sauka, ayon kuwa mai tafiya. A wajen masu batir, anod shi ne ɓangaren da ke ɗauke da alamar ɗebewa, katod shi ne mai alamar tarawa. Ayon kuma ƙwayar zarra ce wadda ta rasa elektiron ɗinta ko ta sami ƙari, saboda haka take ɗauke da cajin lantarki.

Litiyam ƙarfe ne da ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi, har yakan taso a kan ruwa. Johan August Arfwedson na ƙasar Suwidin ne ya gano shi a cikin wani dutse a 1817, shi ya sa aka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin dutse. Shi kuwa girafait, nau'in kabon ne mai laushi da sulɓi, shi ne bakin fensir. Turawa sun daɗe suna zaton baƙar dalma ce, tun lokacin da makiyayan Borrowdale a arewacin Ingila suke yi wa tumakinsu alama da shi a ƙarni na 16. A 1789 ne Bajamushe Abraham Werner ya ba shi sunan da ya ɗauko daga kalmar Girkanci mai nufin rubutu.

Ma'aunin da za a riƙa ambata shi ne miliampiya-awa, wanda ake taƙaitawa da mAh. Shi ne lambar da ake gani a jikin batirin waya, kamar 4,000 ko 5,000. Idan ana son gwada darajar wani sinadari sai a tambayi mAh nawa giram ɗaya nasa yake iya ɗauka.

3.0 Yadda Batirin Yake Aiki

Ana iya kwatanta batirin litiyam da rumbuna biyu, ɗaya a kan tudu ɗaya a kwari, da hatsi iri ɗaya da ake kwasa daga wannan zuwa wancan. Rumbun kwari shi ne katod, wanda akan yi da haɗin litiyam da iskar oksijin da wasu ƙarafa irin su kobalt da nikel da manganis, ko kuwa baƙin ƙarfe da fosfet. Rumbun tudu shi ne anod, watau garin kabon da aka kwaɓa da danƙo aka shafa a kan siririn fallen jan ƙarfe. A tsakaninsu akwai shamaki na roba mai ƙananan ƙofofi, jiƙe da ruwan batir, wanda ayon na litiyam yake iya ratsawa amma elektiron ba ya iyawa.

Idan aka sa caji, wutar waje tana tilasta wa litiyam ya bar katod ya haura zuwa anod ya zauna a cikin kabon. Idan aka kunna waya sai ya gangaro. Shi yana bi ta cikin ruwan batir, elektiron ɗinsa kuwa tilas ya zagaya ta wayoyin na'ura, a kan hanyar nan ne yake yin aikin da ake bukata. Abin da ake nema ga anod ke nan abu huɗu ne: ya ɗauki litiyam da yawa, ya karɓe shi da sauri, ya mayar da shi duka ba tare da riƙe wani ba, sa'an nan ya jure wannan kai da kawowa sau ɗaruruwa ko dubbai ba tare da ya rushe ba. Wahalar ita ce, galibi duk abin da ya gyara ɗaya daga cikin huɗun nan sai ya ɓata wani.

4.0 Yadda Aka Komo ga Kabon

Masu bincike na farko ba su fara da kabon ba. Bayan rikicin man fetur na 1973, Stanley Whittingham, wani Bature ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin Exxon na Amurka, ya haɗa batir wanda anod ɗinsa tsantsar ƙarfen litiyam ne. A bisa lissafi babu abin da ya fi wannan, domin giram ɗaya na ƙarfen yana ba da mAh 3,860. Amma da aka riƙa maimaita caji sai aka lura cewa litiyam ba ya komawa ya kwanta sumul a inda ya fito. Tsiro yake yi kamar ƙaya, ƙayar tana tsawo har ta huda shamaki ta taɓa katod, wuta ta haɗu, batir ya ƙone. Kamfanin Moli Energy na ƙasar Kanada ya sayar da batura masu irin wannan anod, amma a 1989 tilas ya janye su daga kasuwa bayan wayar wani mutum ta kama da wuta a Jafan.

A 1980 John Goodenough, Ba'amurke da ke koyarwa a Jami'ar Okasfod, ya samar da katod na litiyam da kobalt wanda yake ba da wajen bolt 4. Muhimmancinsa shi ne yana ɗauke da nasa litiyam tun daga masana'anta, saboda haka ba dole ne anod ya zama ƙarfen litiyam ba, rumbu kawai ake bukata wanda babu kome a ciki. A daidai wannan lokaci Rachid Yazami, ɗan ƙasar Maroko da ke karatu a Grenoble ta Faransa, ya nuna cewa ana iya shigar da litiyam cikin girafait a kuma fitar da shi ta hanyar lantarki, idan aka yi amfani da daskararren sinadari a maimakon ruwan batir. Da ruwan da aka saba amfani da shi a lokacin kuwa abin ya ƙi, domin ruwan yakan bi litiyam ya kutsa cikin girafait ya ɓarke shi.

Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei a Jafan shi ya sami mafita a 1985. Ya yi amfani da kok, watau ƙanzon da ke saura a matatar mai bayan an tace fetur da sauran mayuka. Kok kabon ne wanda tsarinsa bai daidaita kamar na girafait ba, don haka ruwan batir bai iya ɓarke shi. A 1986 Yoshino ya gwada shi ta hanyar sako masa ƙaton ƙarfe daga sama, bai fashe ba, alhali batir mai ƙarfen litiyam da aka yi wa haka ya yi bindiga. Kamfanin Sony ya fitar da batirin litiyam na farko kasuwa a 1991, da anod na kabon. A 2019 aka ba Whittingham da Goodenough da Yoshino kyautar Nobel ta ilimin sinadarai, a lokacin Goodenough yana da shekara 97.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, an bar abin da ke ɗaukar 3,860 an koma ga wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba, don kawai a tsira daga gobara. Duk binciken da ya biyo baya ƙoƙari ne na maido da wani ɓangare na abin da aka sadaukar, ba tare da an maido da gobarar ba.

5.0 Girafait da Iyakarsa

Ƙwayoyin kabon a cikin girafait suna jere ne falle-falle kamar takardun littafi. A cikin kowane falle ƙwayoyin sun kama juna da ƙarfi a siffar saƙar zuma, mai kusurwa shida-shida, amma tsakanin falle da falle riƙon ba shi da ƙarfi, shi ya sa fensir yake barin alama a takarda. Ratar da ke tsakanin fallaye biyu nanomita 0.335 ce, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A wannan rata litiyam yake shiga ya zauna.

Ba kuwa haka kawai yake shiga ba. Yakan fara cika rata ɗaya ya tsallake wasu, sa'an nan ya dawo ya cika na tsakani, kamar masu haya da suka fara kama hawa na ɗaya da na huɗu na bene kafin su cika sauran. Ana ma iya ganin wannan da ido, domin launin girafait yana sauyawa daga baƙi zuwa shuɗi mai duhu, zuwa ja, zuwa ruwan zinariya idan ya cika. A cikarsa, kowane ƙwayoyin kabon shida suna riƙe da litiyam ɗaya, kuma jikinsa bai kumbura da fiye da wajen kashi 10 cikin ɗari ba.

Daga nan ne iyakarsa ta fito. Giram 72 na kabon ne suke riƙe adadin litiyam da ke ɗauke da mAh 26,800. Idan aka raba 26,800 gida 72 za a sami 372. Wannan ita ce iyakar giram ɗaya na girafait, babu dabarar da za ta ƙara ta muddin tsarin bai sauya ba. Girafait na kasuwa mai kyau yana ba da 350 zuwa 365, watau ya riga ya kusa bango. Batirin waya mai mAh 4,000 ke nan yana ɗauke da girafait wajen giram 11 ko 12, motar lantarki kuwa takan ɗauki kilo 50 zuwa 100.

Abin da ya buɗe wa girafait ƙofa shi ne binciken da Jeff Dahn da abokan aikinsa suka buga a Kanada a 1990. Sun nuna cewa idan aka sa sinadarin etilin kabonet a ruwan batir, girafait ba ya ɓarkewa. Bambancin wannan sinadari da furofilin kabonet, wanda ya daɗe yana ɓata aikin, ɗan ƙanƙane ne ƙwarai, amma shi ya raba nasara da faɗuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 girafait ya ture sauran nau'o'in kabon, kuma har yau shi ne anod na mafi yawan baturan litiyam na duniya.

6.0 Matsalolin Anod

6.1 Yana

Ruwan batir ba ya iya zama lafiya da kabon mai cike da litiyam. Tun a cajin farko wani ɓangare na ruwan yakan lalace a fuskar kabon ya zama wata siririyar fata, kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu idan ya huce. Emanuel Peled na Jami'ar Tel Aviv ne ya bayyana irin wannan yana a 1979. Alherinta shi ne tana barin litiyam ya wuce amma tana tsare elektiron, saboda haka da zarar ta rufe fuskar kabon sai lalacewar ruwan ta tsaya. Sharrinta kuwa shi ne da litiyam ake gina ta, kuma wanda ya shiga cikinta ya tafi ke nan. A cajin farko kaɗai ana asarar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Bayan haka, duk lokacin da kabon ya kumbura ya saɓe, yanar takan tsage a sake ɗinke ta da sabon litiyam. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa wayar da a da take kwana da caji ta koma ba ta kai la'asar bayan shekara biyu ko uku. Zafi yana gaggauta wannan ci, haka ma barin batir a cike maƙil na dogon lokaci. Idan kuwa zafin cikin batir ya kai wajen digiri 100, yanar kanta takan fara rushewa, wanda shi ne matakin farko na gobara.

6.2 Dawowar Ƙaya

Girafait yana karɓar litiyam ne a matsayin da bai fi kashi ɗaya cikin goma na bolt ba sama da inda litiyam yake daskarewa ya zama ƙarfe. Wannan kusanci shi ya sa batir yake da ƙarfin bolt mai yawa, amma kuma tafiya ce a bakin rijiya. Idan aka turo litiyam da sauri fiye da yadda kabon yake iya haɗiyewa, kamar a caji mai gaggawa ko a cikin tsananin sanyi, sai ya taru a bakin ƙofa ya zama ƙarfe, ƙayar da aka gudu tun farko ta dawo. Don gudun haka ne masu ƙera batir suke sa rumbun anod ya ɗan ɗara abin da katod zai aiko masa, da wajen kashi goma cikin ɗari.

6.3 Cunkoson Ƙofa

Litiyam ba ya iya huda falle, sai dai ya shiga ta gefe, kamar yadda ake soka takarda a littafi. To, girafait na ƙasa kuwa fale-fale yake kamar ɓawon kifi, kuma idan aka danne shi a kan jan ƙarfe sai ya kwanta, gefensa ya kauce wa hanyar da litiyam yake zuwa. Dole ne litiyam ya yi ta kewaye kafin ya sami mashiga, abin da ke rage saurin caji.

7.0 Hanyoyin Kyautatawa

7.1 Gyaran Girafait na Ƙasa

Bayan an haƙo dutsen an niƙa an tace, sai a zuba garin cikin injin da ke dukansa har fale-falen su nannaɗe su dunƙule kamar ƙananan dankali, masu kaurin kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita. Da haka ƙofofi suke fuskantar kowace nahiya, kuma faɗin fuskar da yana za ta rufe ya ragu. Sai dai rabin garin ko fiye yakan zama ƙura a wannan mataki. Sa'an nan a wanke shi har tsarkinsa ya kai kashi 99.95 cikin ɗari, galibi da wani asid mai haɗari da ake kira haidurofulorik, wanda ruwan wankinsa yake gurɓata ƙasa idan ba a kula ba. Daga ƙarshe a lulluɓe kowace ƙwaya da kwalta a gasa, kwaltar ta zama siririyar rigar kabon wadda ke kare gefen fallaye daga ruwan batir. Wannan riga tana rage asarar cajin farko tana kuma ƙara tsawon rai.

Akwai kuma dabarun buɗe hanya. A 2016 masu bincike a ƙasar Suwizalan sun nuna cewa ana iya tayar da fale-falen girafait tsaye da maganaɗisu kafin kwaɓin ya bushe, yadda gefensu zai fuskanci litiyam kai tsaye. Wasu kuma suna huda ƙananan ramuka a jikin anod da hasken leza don ruwan batir ya kai can ciki.

7.2 Girafait na Masana'anta

Edward Acheson na Amurka ya gano a shekarun 1890 cewa idan aka gasa kabon da wutar lantarki har zafi ya yi tsanani, yakan rikiɗe ya zama girafait. Da wannan hanya ake bi har yanzu: a ɗauki kok na man fetur ko na kwal, a gasa shi a zafin da ya kusa digiri 3,000, aikin da kan ɗauki makonni idan aka haɗa da hucewa. Abin da ke fitowa ya fi na ƙasa tsarki da daidaito, ya fi shi jure caji mai sauri da tsawon rai, shi ya sa a yau shi ne ya fi yawa a kasuwar anod. Illarsa ita ce cin wuta, kuma inda da kwal ake samar da wutar, hayaƙin da motar lantarki take son ragewa an riga an fitar da wani kaso nasa tun a masana'anta. Masu ƙera batir da yawa sukan gauraya nau'o'in biyu.

7.3 Kabon Mai Taurin Kai

A 1951 Rosalind Franklin, wadda daga baya ta yi suna a binciken ƙwayar gado, ta buga sakamakon aikin da ta yi a Faris a kan gawayi. Ta nuna cewa kabon iri biyu ne: wanda zafi yake mayarwa girafait, kamar kok, da wanda ko an kai shi digiri 3,000 ba ya miƙewa, kamar gawayin sukari. Na biyun shi ne mai taurin kai. Fallayensa gajeru ne, a hargitse kamar takardun da iska ta watsa, da ƙananan koguna a tsakaninsu. Litiyam yana shiga tsakanin fallaye yana kuma cika kogunan, don haka wasu nau'o'insa sukan zarce 372. Amma asararsa ta cajin farko ta fi ta girafait nesa, kuma yana cin wuri.

Darajarsa ta dawo ne ta wata ƙofa. Sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, ɗan'uwan litiyam ne mai araha, amma ba ya zama a cikin girafait. A shekarar 2000 David Stevens da Jeff Dahn sun nuna cewa kabon mai taurin kai da aka yi da sukarin gulukos yana ɗaukar sodiyam wajen mAh 300 a giram. Kamfanin CATL na ƙasar Sin ya bayyana nasa batirin sodiyam a 2021. Ana yin irin wannan kabon da kayan tsiro a zafin digiri 1,000 zuwa 1,500, kuma kamfanin Kuraray na Jafan yana yin nasa da ƙoƙon kwakwa.

7.4 Auren Kabon da Silikon

Silikon, wanda shi ne jigon yashi, yana ɗaukar litiyam har mAh 3,579 a giram, kusan ninki goma na girafait. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala: idan ya ƙoshi yakan kumbura ya kusa ninka girmansa sau huɗu, in ya amayar ya tsuke, bayan 'yan zagaye kaɗan sai ya farfashe, yana kuma ta yi ta tsagewa tana cin litiyam. Dabara ta farko ita ce a barbaɗa kaɗan, kashi biyar ko abin da ya yi kusa da haka, a cikin girafait. Ta biyu kuwa ita ce a gina masa ɗaki na kabon mai sarari a ciki. Yi Cui da ɗalibansa a Jami'ar Stanford sun nuna siffar da suka kwatanta da gwaiduwa a cikin ɓawon ƙwai a 2012, inda silikon yake kumbura a cikin ɓawon kabon ba tare da ya fasa shi ba, yana kuma ta kwanta a bayan ɓawon inda babu motsi. Kamfanoni irin su Group14 na Amurka suna yin kabon mai ƙofofi kamar soso, su hura masa iskar da ke ɗauke da silikon ta kwanta a cikin ƙofofin. Daga 2023 wasu kamfanonin waya na ƙasar Sin suka fara fitar da wayoyi masu irin wannan anod, abin da ya sa aka sami baturan da suka haura mAh 6,000 ba tare da wayar ta ƙara kauri ba. A nan aikin kabon ya sauya, daga rumbu ya koma gini mai riƙe rumbu.

7.5 Girafin

A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchesta suka ɓare falle ɗaya tak daga girafait, shi ne girafin, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2010. An yi zaton tun da falle ɗaya yana da fuska biyu zai ninka abin da girafait yake ɗauka. Amma yawan fuska yawan yana ne, asarar cajin farko takan yi muni. Saboda haka amfaninsa, tare da siraran bututun kabon da Sumio Iijima na Jafan ya bayyana a 1991, ya fi yawa a matsayin ɗan ƙari da ke sada ƙwayoyin anod da juna, musamman masu silikon.

8.0 Kasuwa da Matsayin Afirka

Ƙasar Sin ce take haƙo wajen kashi uku cikin huɗu na girafait na ƙasa a duniya, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na kayan anod da aka gama sarrafawa daga can suke fitowa. Daga ranar 1 ga Disamba 2023 ta wajabta neman izini kafin a fitar da wasu nau'o'in girafait waje, abin da ya tayar da hankalin masu ƙera motoci a Turai da Amurka. Afirka tana da kaso mai tsoka na dutsen, a Mozambik da Madagaska da Tanzaniya. Ma'adinar Balama da ke lardin Cabo Delgado na Mozambik, wadda kamfanin Syrah na Ostireliya ya fara haƙa a 2017, tana cikin manya na duniya, amma masana'antar da kamfanin ya gina don mayar da garin kayan anod tana jihar Luwiziyana ta Amurka. Wanda ya bi bayanin da ya gabata zai gane inda ribar take. Haƙa ba ita ce gwaninta ba, dunƙulewa da tsarkakewa da lulluɓewa su ne, kuma su ne ake yi a waje. Tsohon labarin gyaɗa da auduga da ƙiraga ne ya sake dawowa da sabuwar riga.

Haka nan kabon mai taurin kai ya buɗe wata ƙofa ga ƙasashen noma, tun da daga tsiro ake samunsa. Ƙaiƙayin shinkafa, alal misali, wanda ke tsibi a bayan injinan casa, yana ɗauke da kabon da kuma sinadarin yashi wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, shi ya sa masu bincike a ƙasashe da dama suke gwada shi. Sai dai tsakanin gawayin murhu da kabon na batir akwai tafiya mai nisa, domin ɗan ƙazantar ƙarfe kaɗan ta isa ta kashe batir, kuma masana'anta ba ta karɓar kayan da na yau ya bambanta da na gobe.

9.0 Kammalawa

An ga yadda tsoron gobara ya sa aka bar ƙarfen litiyam aka koma ga kok, daga kok zuwa girafait, da yadda girafait ya kai bakin iyakarsa ta 372. An kuma ga cewa kowace hanyar kyautatawa tana da kuɗinta: tsarkake na ƙasa yana ɓata ruwa, na masana'anta yana cin wuta, mai taurin kai yana asarar litiyam, silikon yana kumburi. Alamu sun nuna girafait zai daɗe yana riƙe da kasuwa, silikon yana ƙaruwa a cikinsa sannu a hankali, mai taurin kai kuma yana bin sodiyam.

Ga ma'aikacin da aka ɗora wa sayen baturan hasken rana don asibiti ko makaranta, darasin a fili yake. Lambar da aka rubuta a jikin akwati ba ta isa hujja ba. Ya kamata ya tambayi zagayen caji nawa aka lamunce, a kuma wane zafi aka auna, sa'an nan ya tabbatar an ajiye su a ɗaki mai inuwa da iska, domin a ƙasar da zafin bazara yake wuce digiri 40, yanar anod tana cin dukiyar jama'a a ɓoye ko da ba a kunna kome ba. Ga ɗalibin kimiyya kuwa, tarihin nan ya nuna cewa manyan nasarorin sun fito ne daga haƙurin auna abubuwan da ake rainawa, kamar ƙanzon matatar mai da gawayin sukari, kuma irin waɗannan ba su yi ƙaranci a ƙasashen Afirka ba.